Tela da Littattafan Ƙuruciyarsa

Ka ce za ka nemo wa 'ya'yanka tsofaffin littattafan nan da muka karanta a firamare, wai da su aka raine mu kuma ba mu lalace ba. To, nemo su, ban hana ka ba. Amma zauna tukuna in ba ka labarin wani tela da na sani a unguwarmu.

Yana yaro aka raba musu wasu ƙananan littattafai a makaranta, jeri guda, masu jan bango da zane a kowane shafi, a kan wani maigida da iyalinsa. Maigidan nan ba ya sakin fuska ga yara, ba a kuma mayar masa da magana. Yana da ɗa mai in'ina, shi ne abin dariya a kowane littafi. A aike shi kasuwa ya kasa faɗin abin da zai saya, 'yan kasuwa su yi ta kwaikwayonsa, ya dawo gida uban ya ɗauko tsumagiya. In uwar ta ba da haƙuri, sai mai littafin ya ce ga irin matan da ke ɓata 'ya'ya. A na ƙarshe yaron ya warke sarai, ya durƙusa yana yi wa uban godiya. Telan ya yi dariya a aji har da hawaye, ya haddace su kamar karatun allo, ya adana nasa a ƙasan adaka.

Da ya yi aure, Allah ya ba shi ɗa, aka sa masa suna Tasi'u. Yaro ya fara magana, sai ga in'ina. Telan bai damu ba, don a ganinsa ya san maganin tun yana ɗan makaranta. Sai ya riƙa kiransa shago lokacin da masu karɓar ɗinki suka cika benci, ya ce ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. In harshe ya sarƙe, shi ne farkon mai kwaikwayo, mutane su taya shi dariya, daga baya sandar awon yadi ta sauka a gadon baya. Uwar yaron ta yi roƙo har ta gaji. Abin da yakan ce mata shi ne ko a littafi an rubuta irinta. Kuma in'inar ta yi kamar ta tafi, domin yaron ya daina magana. “E” da “a'a” da “to” suka zama duk hirarsa da ubansa, telan kuwa yana ta gaya wa abokai magani ya ci. Da Tasi'u ya kawo ƙarfi sai ya bi motar kaya zuwa kudu, ya zama direba, ya yi aure can. Yana aiko da buhun shinkafa da yadin sallah, amma ƙafarsa sai da dalili.

Bayan uwar ta rasu, wani hutu aka kawo wa telan jikarsa, Rumasa'u 'yar Tasi'u, yarinya 'yar firamare mai surutu kamar kanari. Murna ta kama shi. Ya buɗe adaka ya ciro littattafan, bangonsu ya koɗe, ya zaunar da ita a tabarma bayan la'asar yana karanta mata, yana jan in'inar yaron da murya yadda malaminsu ya saba yi. Shi kaɗai yake dariya.

“Kaka, me ya yi aka doke shi?” in ji yarinyar.

“Bari in nuna miki, amarya,” ya ce. Ya koma baya shafi shafi yana neman laifin yaron. Ya ɗauko na biyu, ya ɗauko na uku. Yaron bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, bai zagi kowa ba.

“Babana ma haka yake in'ina in ransa ya ɓaci,” ta ce. “Mu jira muke yi har ya gama. Ai in ka jira shi, ya fi kowa iya tatsuniya.”

Telan bai taɓa sanin ɗansa ya iya tatsuniya ba. Bayan kwana biyu ya ɗauki waya ya kira shi. Ya ce, “Tasi'u, na sake duba littattafan nan. Na cuce ka. Ka yafe mini.” Daga nan ya ji ɗan nasa, magidanci mai furfura a gemu, yana kokawa da kalma: “Ba... ba... ba...” Kafin telan ya ankara, bakinsa ya riga shi, da irin tsawar nan ta shago: “Kai, yi magana mana!”

Sai maganar ta fito sumul, babu sarƙewa ko kaɗan. “Ba komai, Baba.” Aka kashe waya. Hutu bai ƙare ba aka aiko yaron mota ya ɗauke yarinyar.

Har telan ya rasu shinkafa ba ta daina zuwa ba, kuma bai taɓa jin ƙarshen abin da ɗansa ya so faɗa ba. Littafin ya lanƙwasa uban yana ƙarami, uban ya lanƙwasa ɗan, lokacin da aka zo miƙarwa duk sun bushe. Don haka in ka samo littattafan, ka fara karanta su kai kaɗai, da idon uba, kafin ka miƙa wa yaro. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.