Ayyukan Seyni

"Yau ma shafin mamacin za ka buɗe?" in ji Badi'a mai siber, wato shagon intanet, a Konni, tana jawo wa Tasi'u kujera.

Tasi'u ya zauna. Tun da kamyon siminti, babbar motar kaya, ya take amininsa Seyni a hanyar Malbaza, Tasi'u ke shiga da sunan mamacin, yana yi masa ayyukan jami'ar da suke karatu tare ta intanet. So yake diplom ɗin ya kai hannun tsohuwar Seyni. Nasa karatun kuwa ya watsar, don ba zai iya haɗa biyu ba.

Yau jami'ar ke bikin yaye ɗalibanta na farko. Sunaye suka fito a fuskar ordinatar, wato kwamfuta. Ga Seyni. Tasi'u ya share ƙwalla zai tashi, Badi'a ta ce, "Tsaya, wancan ba sunanka ba ne?"

Ya buɗe nasa shafin, wanda rabonsa da shi tun ranar jana'iza. Babu aikin da ba a miƙa ba. A ƙasan na ƙarshe an rubuta: "Abokina, ka riƙe nawa, na riƙe naka."