Tutar da Aka Cire wa Rana

Ran Litinin da safe tuta ta hau sandar lakwal, wato makaranta, kamar kullum, sai da iska ta buɗe ta aka ga ɓarnar. Ruwan goron sama yana nan, koren ƙasa yana nan, amma farin tsakiya da ranar da ke cikinsa babu su. Wani ya yanke su, ya haɗa sauran biyun, ya ɗinke tsaf.

Taken ƙasa ya maƙale a bakin yara. Dodo maigadi, tsohon sojan da ke ɗaga tutar kowace safiya, ya ƙame ya sara mata har ƙarshe, ko ƙifta ido bai yi ba. Ana gamawa Direkta Mutari ya sa aka sauke ta.

Shekarar da fari ya kai maƙura ce. Mutanen ƙauye sun cika bakin Damagaram da bukkokin kara, hatsi ya yi wuya, kananzir da farin yadin akoko sun ɓace daga kasuwa. Sojoji kuma ba su daɗe da karɓar mulki ba, ana ta raɗe-raɗin wai har tuta za a sake. Yunwa ba ta hana Bahaushe gardama, don haka kowace inuwa da nata ra'ayin.

A lakwal ɗin nan kowa ya san ra'ayin Malam Amos, mai koyar da lissafi. A gaban malamai ya ce ƙasar da rana ta cinye ba ta da dalilin rataye rana bisa kanta, gara a cire ta a sa zangarniyar gero. Ran nan saura kaɗan Dodo ya shaƙe shi. "Tutar da na yi wa fareti?" in ji tsohon. "Wallahi mai taɓa ta sai ya bi ta kaina."

Kafin azahar jandarma suka iso. Babbansu ya juya tutar a hannu, ya ce wannan saƙo ne ga gwamnati, kuma mai saƙon yana cikin gidan nan. Ko direkta ya ba da suna kafin a tashi gobe, ko shi ya hau mota.

Mutari mutum ne da bai yarda da kowa ba tun fil azal, yau kuma ga dalili ya samu. Ya shimfiɗa tutar a kan tebur yana dubawa. Ɗinkin hannu ne, manyan taku, da zare mai kauri. Dibora matar Amos tana da keken ɗinki, amma wannan bai ruɗe shi ba. Ai mai wayo ba zai yi aiki da kekensa ba.

Ya bi maƙwabta da tambaya. Wata mai ƙosai ta ce ran Lahadi bayan an taso daga coci ta ga Dibora ta shiga lakwal da sauri, da jakar aikinta ta likita, ta zaga bayan azuzuwa. Ta jima kafin ta fito, kanta a sunkuye, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

Bayan azuzuwa kuwa can ne ɗakin ajiya, inda tuta ke kwana. Ban da shi babu komai sai bukkar Dodo, inda 'yarsa Kellu ta sauka da goyonta tun da yunwa ta koro su daga Dakusa. Cikin jakar likita kuma ba a rasa almakashi. Mutari ya ji komai ya zauna daram, har wani daɗi ya ji, daɗin wanda zarginsa ya tabbata.

Ya sa aka kira Amos.

"Me ya kawo matarka lakwal ran Lahadi?"

Amos ya dubi taga.

"Direkta, maganata kan tuta a gaban kowa na yi ta. Ba ni da ƙari."

"Ka san inda za su kai ka? Ka san 'ya'yanka albashin nan suke ci?"

"Na sani."

Mai gaskiya ai rantsuwa yake yi, ya tara jama'a. Wannan shirun ya ishi Mutari shaida. Washegari da hantsi motar jandarma ta fita da Amos a baya, hannunsa ɗaure. Dibora tana tsaye a ƙofar lakwal, ta haɗa ido da mijinta.

Dodo bai fito ba ranar. Mutari ya ga ya kamata tsohon ya ji albishir daga bakinsa, tunda shi aka fi ci wa fuska. Ya zaga baya ya yi sallama.

Bukkar shiru, irin shirun da bai saba ji a wurin ba. Kellu tana zaune a ƙasa, zanen goyo a ninke gefenta. A kan cinyarta akwai wani ƙyalle zagayayye, ruwan goro, tana ta shafa shi da tafin hannu.

Mutari ya ƙura wa ƙyallen ido. Dodo ya bi idonsa da kallo, ya miƙe da ƙyar, ya ƙame kamar a fareti.

"Na zaga kasuwa duka ban samu akoko ko taƙi ɗaya ba, direkta. Farin ya ishi jaririyar, ba ta da girma. Ranar ce kawai na cire, don ba a sa launi a likkafani."