Motar Da Ba Ta Tari

Shekarar da aka hana fetur, Hajiya Tasalla ta miƙa tsohuwar motar marigayi mijinta, ta karɓo mai caji. Kwana tara kacal ta yi da ita, ta koma wurin dillalin a Funtuwa, rai a ɓace.

"Kai Sabitu, ka cuce ni. Karɓi abarka, ba ni tawa."

"Me ta yi, Hajiya? Ai lafiyarta ƙalau."

"Shi ne laifinta! Waccan in ta ƙi tashi da safe, maƙwabta ke fitowa su tura, mu gaisa, a tambayi ciwon ƙafata. In na dawo, tun daga bakin titi ake jin tarinta, a leƙo. Wannan kuwa sum take shigowa kamar ɓarauniya. Ko mutuwa na yi, wa zai sani?"

Sabitu ya sosa ƙeya. "An narkar da waccan, Hajiya."

Ta ja ƙafa ta buɗe ƙofar sabuwar motar, ta shiga.

"Sannu da dawowa, Hajiya," in ji motar. "Ya ƙafar?"

Ta ja tsaki. Sai da suka wuce kasuwa ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Da sauƙi."