Ba a Magana a Kan Buɗaɗɗen Faranti

Mai gadi bai ko ɗaga kai ba da Auta ya bi bayan yayarsa zuwa ɗakin bincike. Bayan shekaru yana yawon duniya ga shi ya dawo, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Ta sa safar hannu, ta ciro wani ɗan faranti daga akwatin ɗumi, ta buɗe shi. Ya san aikin, don ta taɓa yi masa bayani lokacin da yake ɗaga wayarta. Ƙwayoyin halitta ne na fata. Ana ɗiga musu magunguna masu toshe wasu sinadaran cikinsu har su manta su fata ne, su koma jarirai, sannan a lallaɓa su su zama tsokar zuciya. Akwai ma wanda ke hana ƙwaya mutuwa idan an raba ta da 'yan'uwanta.

"Yaya, fushin ne har yanzu?"

Ta ci gaba da aikinta. Ya tuna dokarsu: ba a magana a kan buɗaɗɗen faranti, numfashi kaɗai na iya kashe shi. Ya ja bakinsa ya tsuke.

Zuciya ce ke ɗauke mazan gidansu. Babansu a tsaye ya faɗi. Yanzu ɗanta ya fara suma a filin ƙwallo. Idan ƙwayoyin nan suka buga, za ta ga inda bugun ke karkacewa, ta gwada magani a kansu kafin ta ba yaron. Ƙwayoyin farantan baya duk sun mutu, wannan farantin ne ya rage.

Abokin aikinta ya leƙo, ya nuna farantin da haɓa. "Dakta, mai gidan naki ya farka, ko har yau yana jan aji?"

Ta rufe farantin, ta ɗora a madubin ƙara girma. "Da ma can ba ya zuwa a kan lokaci."

Auta ya sunkuya ta kafaɗarta. Murfin farantin bai yi ko raɓar numfashinsa ba.

A allon da ke haɗe da madubin, wani abu ya motsa. Ya buga, ya buga, ya yi tuntuɓe, ya ci gaba. Ya san tuntuɓen nan. Ya dafe ƙirjinsa don ya kwatanta, ya ji tsit.

"Sannu da zuwa, Autanmu," ta ce, ba ta juyo ba. Da farantin take magana, da 'yar fatar da ta yanka a damtsensa ranar da aka sauke gawarsa daga jirgi cikin akwati.