Tungar da 'Yan Mata Suka Yi Ƙaranci

Tunda ka kawo wannan zance, saurara ka ji misali. An yi wani manomi a wata tunga ta bakin fadama, mutum mai ƙwazo, wanda ya sari daji har gonarsa ta fi ƙarfin hannunsa. Allah ya ba shi 'ya'ya bakwai, maza huɗu mata uku. A ganinsa ɗa namiji ƙarin fartanya ne, 'ya mace kuwa baƙuwa ce, ka ciyar ka tufatar, wani ya zo ya ɗauka. Haka kuma duk magidantan tungar suka ɗauki abin. Sai aka yi shekara biyu a jere damina ba ta yi kyau ba, rumbuna suka koma sai ƙaiƙayi, ga ƙyanda ta shigo gari. Manomin nan bai taɓa cewa a hana 'ya'yansa mata abinci ba. Cewa kawai ya yi a fara zuba wa maza. In an sami nono, nasu ne. In an dama kunu, su ke shan mai kauri, mata su suɗe ƙwarya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗansa da 'yarsa tare, jaki ɗaya ne a gidan, asibiti kuma tafiyar yini ce. Ya ɗora namijin, ya ce wa uwar ta jiƙa wa macen sassaƙe kafin ya dawo. Ya dawo ya tarar an kai ta makwancinta. Kafin kaka, ta biyu ta bi ta. Ya yi kuka kamar kowane uba, ya ce kwana ne ya ƙare. Tsohuwar ungozomar tungar ta zo gaisuwa, da za ta tashi ta ce masa, "Malam, shekara arba'in ina yanke cibiya a garin nan, ban taɓa ganin jarirai maza sun yi wa mata nisa a yawa ba, ko mata sun yi wa maza. In wannan gida ya jera maza, na gaba sai ya jera mata. Amma bana, ƙananan kaburburan nan, a cikin kowane uku biyu na mata ne." Ya ce Allah ya jiƙansu, ya saɓi garmarsa.

Shekaru suka shuɗe, 'ya'yansa maza suka isa aure. A lokacin in ka leƙa dandali, samari sun cika shi, 'yan mata ba su kai rabinsu ba. Manomin bai damu ba, don ya sha jin ana cewa mata sun fi maza yawa a duniya. Ya sa babbar riga, ya ƙulle goro, ya shiga ƙauyukan da ke kewaye nema wa 'ya'yansa aure. Duk inda ya sauka sai ya iske mazansu da matansu kusan kai ɗaya suke, kowace yarinya da ɗan garinsu mai nemanta, babu rarar da za a ba baƙo. Wasu kuma sun ji labarin shekarun yunwa, suka ce ba sa kai 'yarsu inda ake fara zuba wa maza. 'Yan kaɗan da suka amince suka kafa sharaɗi, sai dai angon ya dawo garinsu da zama. Babban ɗansa ya yarda ya tafi, na biyu ya bi sahu, na uku ya shiga birni. Autan, wanda aka ɗora a jaki, ya daure damina uku yana tuzuru, sannan shi ma ya naɗe tabarmarsa. Haka aka yi ta yi gida-gida, har sai ka yini a tungar ba ka ji ƙarar taɓarya ko kukan jariri ba. Sabara ta koma ta cinye gonar. Tsohon ya tsaya ga 'yar kadadar bayan gida, tuwon da yake ci kuma daga gidan mijin 'yarsa ɗaya da ta tsira yake fitowa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, abin da mutum ya shuka, shi zai girba.