Amshin Kawu

Janareta ya mutu ana tsakiyar waƙa a bikin masunta, a bakin Kogin Haɗejiya. Mawaƙin bai dakata ba. Ya ba da baiti, 'yan amshi suka karɓa da muryoyinsu zalla.

Tun bara mawaƙin ya sa ake kashe makirfon kawunsa a ɓoye, wai muryar tsohon ta soma rawa, tana fita daban a cikin amshi. Alhali kawun ne ya koya masa waƙa. Yau da babu lasifika, kowa zai ji ta.

Ya kasa kunne. Amshi ya tafi sumul, kamar daga baki ɗaya.

Ya waiwaya. Kawu na riƙe da makirfo, yana kaɗa kai, leɓɓansa na bin kowace kalma daidai, amma babu sauti.

Da aka tashi, ya durƙusa a gabansa. "Kawu, tun yaushe ka sani?"

Tsohon ya naɗe wayar makirfon a hankali, ya miƙa masa.

"Ɗan amshi abin da aka ba shi yake karɓa, ɗana. Shiru ka ba ni."