Karen Mahauta a Kejin Maƙeri

Kai da kake cewa dokar karnuka ɓata lokaci ce, gyara zama ka ji wannan, don ni ma sai da na yi rashi kafin na gane amfaninta.

A wani gari an yi wani maƙeri marar yawan magana, wanda kowa ya san ba ya ƙaunar ganin kare ko daga nesa. Yana da dalilinsa. Shekarun baya kare ya ciji 'yarsa a ƙafa, mutane suka taru suka kashe karen nan take, aka ƙona gashinsa aka shafa mata tokar a ciwon, aka jefa mushen a kududdufi. Ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu yarinya ta fara firgita in ta ga ruwa a moɗa, kwana huɗu tsakani aka kai ta makwancinta. To, ana nan sai ƙaramar hukuma ta kafa doka cewa duk karen da ya ciji mutum kada a kashe shi, a tsare shi kwana goma malamin dabbobi yana duba shi. Wanda aka ciza kuwa a wanke masa ciwon da sabulu, a kai shi asibiti a ranar. Ba a jima ba wani jan kare da ke kwana a mahauta, wanda duk kasuwa ta saba da shi, ya cafki wani mai tallar goro a sharaɓa. Aka wuce da mai goro asibiti, samari kuma suka ritsa karen a lungu da duwatsu da kulake. Mai unguwa ya tuna musu doka, suka ce sun ji, amma wa zai ajiye wannan masifa a gidansa? Kowa ya sunkuyar da kai. Sai ga maƙeri da guduma a hannu. Aka dare masa hanya, ana zaton shi zai fara bugu. Ya daɗe yana kallon karen, sannan ya ce a ba shi lokaci zuwa la'asar. Ya koma maƙera ya haɗa keji da rodi, aka zarga wa karen igiya da doguwar gora aka tura shi ciki.

Mai shela ya zaga gari har sau uku, yana cewa duk wanda karen nan ya taɓa yakusa ko ya ɗan sa wa haƙori ya je a yi masa allura. Ba wanda ya motsa. Wasu ma dariya suke, wai maƙeri ya yi baƙo, yana miƙa masa tuwo da awartaki. Shi kuwa kullum sai ya tura ƙwaryar ruwa cikin kejin ya koma gefe ya zuba ido. A rana ta biyar haushin karen ya canza, ya zama wani irin gurnani mai kama da kuka. Ya shiga gatsar ƙarfe har haƙoransa suka yi jini, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, idanunsa suna kallon abin da ba kowa ke gani ba. Maƙeri ya taɓa ganin idanun nan a fuskar da ya fi so a duniya. Ya tashi ya janyo kejin ƙofar maƙera, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya bi. Jama'a ta taru. Karen da jiya-jiya ake jefa wa ƙashi yana kaɗa wutsiya, ga shi Allah ya juya shi ya zama abin da ido ba ya iya jurewa. Can sai wata tsohuwa mai fura ta ɗan ɗage zaninta, ta nuna idon sawunta, ta ce da maƙeri, "Ɗan nan, dubi wannan ɗan karcen, shi ma a kai shi?" Ya ce, "Yanzu ma kuwa, Iya." Ɗan garuwa ya buɗe tafin hannunsa. Sarkin fawa da kansa ya naɗe hannun riga. Kafin azahar mutum tara suka jeru a hanyar asibiti, ba wanda ya kira su. Karen ya mutu a rana ta bakwai, malamin dabbobi ya zo ya tafi da shi, su taran nan kuwa da mai goro duk suna nan da ransu. Da mai unguwa ya zo yi masa godiya, maƙeri ya dubi kejin da ba kowa a ciki ya ce, "Ranka ya daɗe, da an bar mu mun ga wancan da ya ciji 'yata kamar yadda muka ga wannan, da yanzu ina goyon jikoki."

Shela uku ba ta fito da mutum ɗaya ba, kallon safiya guda ya fito da tara. Shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji.